Dokar Da Ta Zo Bayan Hari

Duk cikin dabbobin da ke raye a duniya babu wadda ta kai shuɗin wel girma, watau babbar dabbar tekun nan wadda tsawonta kan kai mita 30, nauyinta kuwa ya haura tan 150. Siffarta ta kifi ce, amma iska take shaƙa, nono kuma take ba ɗanta.

Girmanta da saurinta su ne suka kare ta daga mafarauta har wajen 1870, lokacin da Svend Foyn, mutumin Norwe, ya ƙera igwar harba mashi. Daga 1904, da aka kafa sansanin Grytviken a tsibirin Jojiya ta Kudu, sai kisa ya koma tekun Antatika. A kakar farauta ta 1930 zuwa 1931 kaɗai an kashe fiye da 29,000, domin a narka kitsensu a yi sabulu da man shafa wa burodi.

A 1946 ƙasashe suka kafa hukumar duniya mai kula da wannan farauta, amma ta shekara 20 tana yanka wa mafarauta kaso mai tsoka, tana biris da gargaɗin masana. Sai a 1966 ta haramta kashe shuɗin wel, bayan an hallaka fiye da 300,000 a kudancin duniya. Wannan shi ne ihu bayan hari. Har wa yau jiragen Tarayyar Sobiyet sun ci gaba da kisa a ɓoye suna ba da lissafin ƙarya, asirinsu bai tonu ba sai bayan rushewar ƙasar a 1991.

Yanzu ana ƙiyasta cewa waɗanda suka saura ba su wuce 25,000 ba, ga kuma manyan jiragen ruwa na banke su. Da ya ke macen ɗa guda take haifa cikin shekara 2 ko 3, abin da aka ɓarnatar cikin rabin ƙarni ba zai komo nan kusa ba.

A ganinmu laifin hukumar bai gaza na mafarauta ba, domin ita aka damƙa wa amana. Lalle ne duk ma'aikacin da aka sa ya tsare daji, ko ruwa, ko ma'adinai ya san cewa doka ba ta da amfani in ta makara, kuma lissafin da mai cin moriya ya kawo ba abin sa hannu ba ne sai an bincika.