Sigarin Lantarki: Kada A Bar Awon Nikotin A Hannun Mai Tireda

Mutanen arewacin Zamfara ba baƙi ba ne ga taba. Tun da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, taba na cikin kayan da ake hada-hadarsu a kasuwannin yankin, tare da gyaɗa da auduga. Dattawan Dauran da Zurmi da Shinkafi kuma sun daɗe da sanin dabarar ƙara wa garin taba kaifi, wato a daka busasshen ganye, a barbaɗa masa 'yar kanwa. Masana sun yi bayanin cewa kanwar ba ta ƙara sinadarin nikotin ko ƙwayar zarra, abin da take yi shi ne sakin wanda ke cikin ganyen domin jiki ya zuƙe shi da sauri. Ke nan komai son mutum da ƙarfi, ba zai wuce abin da ganyen ya ɗauko daga gona ba. Yanzu kuwa an shigo da wata taba wadda ba ta da wannan iyaka, kuma a kanta nake son jan hankalin mai karatu.

Sigarin lantarki wata 'yar na'ura ce mai batir, wadda wani ɗan ƙasar Sin mai haɗa magunguna, Hon Lik, ya ƙirƙiro a 2003. Ba a kunna mata ashana. Wani ruwa ake zubawa a ciki, ta dumama shi ya zama tururi, mutum ya zuƙa. Ruwan ya ƙunshi gilisarin da wani sinadari mai kama da shi, da kayan ƙamshi irin na mangwaro ko na'ana'a, sannan nikotin. Ana auna ƙarfinsa da yawan miligiram na nikotin a kowace mililita ɗaya. A nan gizo ke saƙar, domin ana sayar da ruwan da babu nikotin a cikinsa, ana kuma sayar da nikotin ɗin daban a ƙaramar kwalba, mai sha ya haɗa da hannunsa har ya kai ƙarfin da ransa ke so.

Wannan al'ada ta haɗawa da kai ta bunƙasa ne a Turai. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 ta ƙayyade cewa kada ruwan ya wuce miligiram 20 a mililita, kada kuma kwalbar da ke ɗauke da nikotin ta wuce mililita 10. Sai 'yan kasuwa suka riƙa sayar da babbar kwalba da ba a cika ba, tare da ƙaramar ta nikotin da za a juye a ciki. Adalci ne in faɗi cewa hukumomin lafiya na Ingila suna ganin wannan na'ura ta fi sigari sauƙin illa ga babban mutumin da ke son rabuwa da taba, kuma irin wannan mutum yakan riƙa rage ƙarfin ruwan ne sannu a hankali. Amma fa can akwai rubutu a jikin kowace kwalba, akwai hukumar da ke gwaji, akwai murfin da yaro ba ya iya buɗewa.

Abin tambaya shi ne, yaya lamarin zai kasance a kasuwanninmu? Kowa ya san yadda muke ciniki. Fetur a kwalba ake sayar da shi, magani ƙwaya-ƙwaya, sigari kara-kara, duk da cewa Dokar Taƙaita Shan Taba ta 2015 ta hana sayar da sigari ɗaiɗai, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Duk abin da ya zo a rufe, sai mun fasa shi mun karkasa, takardar bayani kuma ta tafi juji. Ranar da nikotin mai kauri ya shiga wannan tsari, mai tireda ne zai zama mai awo, kuma da ido zai auna. Mai saye ba zai san ko na miligiram 3 aka ɗura masa ko na 50 ba. Yaron da ya dawo yana cewa na jiya bai kama shi ba, sai a ƙara masa, domin ciniki ake nema.

Taba ta bambanta da garin gero, haka kuma ruwan nikotin ya bambanta da garin taba. Abin da jikin mai shan sigari ke samu daga kara ɗaya bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. A wasu ƙasashe kuwa ana sayar wa masu haɗawa da kansu ruwa mai miligiram 100 a mililita, wanda cokalin shayi ɗaya nasa ke ɗauke da miligiram 500. Guba ce da a da ake kashe ƙwarin gona da ita, tana kuma ratsa fata, shi ya sa masu tsinkar ɗanyen ganyen taba da raɓa kan yi fama da jiri da amai. A watan Disamba na 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya rasu a jihar New York ta Amurka bayan ya sha irin wannan ruwa, abin da ya taimaka wajen kafa dokar tilasta murfi mai wuyar buɗewa a 2016. A 2019 kuma cutar huhu ta ɓarke a can, wadda zuwa Fabrairun 2020 ta kwantar da mutum 2,807 ta kashe 68, aka gano cewa akasari wani mai ne da 'yan bayan fage suka gauraya a ruwan wiwi. Ba nikotin ne ya jawo wannan ba, amma darasin ɗaya ne: abin da hannun da ba a sani ba ya zuba, huhun mai saye ke biya. To ina ga gidajenmu masu cike da yara, da ruwa mai ƙamshin alewa, a yankin da rashin tsaro ya sa kai mara lafiya asibiti da dare ya zama jan aiki?

Wani zai ce wannan matsalar 'yan birni ce, ta Abuja da Kano da Kaduna. Haka aka ɗauki maganin tari mai kodin, har sai da ya game birni da ƙauye, Gwamnatin Tarayya ba ta hana shigo da shi da sarrafa shi ba sai a 2018, bayan ɓarna ta riga ta auku. Ƙaramar Hukumar Zurmi na kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa tsawo ba ba ta da wuyar ɓoyewa.

Saboda haka nake kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar NAFDAC da jami'an kwastam da su tsayar da iyaka bayyananna, kada ta wuce miligiram 20 da Turai ta yanke. A haramta shigo da nikotin mai kauri domin sayarwa ga jama'a, a hana fasa kwalba a karkasa, a wajabta gargaɗi da Hausa. Gwamnatin Zamfara ta sanar da ma'aikatan asibitocin karkara alamomin wannan guba, sarakunan kasuwa kuma su ja kunnen 'yan tireda. Wanda bai taɓa shan taba ba, musamman matashin da ƙwaƙwalwarsa ba ta gama nuna ba sai wajen shekara 25, babu ƙarfin da ya dace da shi, ko kaɗan ko mai yawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa har yanzu ɗanye ne shataf.