Arrakis: Duniyar ƙirƙira da ke magana kan ruwa da yashi

Masu ɗaukar finafinan sararin samaniya a matsayin ɓata lokaci ya kamata su dubi Arrakis, duniyar hamada da marubucin Amurka Frank Herbert ya ƙirƙira a littafinsa Dune na 1965, wanda Denis Villeneuve ya mayar fim a 2021 da 2024.

A Arrakis ba a ruwan sama. Mazaunanta, Fremen, suna sanya tufafin da ke tace guminsu su sake sha. Idan mutum ya mutu, ruwan jikinsa na al'umma ne. Masu mulki kuwa, abin da ya kawo su shi ne wani sinadari mai tsada da doguwar tafiya tsakanin taurari ba ta yiwuwa sai da shi.

Tushen labarin a doron ƙasa yake. A 1957 Herbert ya je jihar Oregon, inda ake dasa ciyawa domin tsayar da tuddan yashi da ke binne hanyoyi.

Shi ya sa muke ganin fim ɗin ya cancanci a tattauna shi da matasa. Wanda ya ga rairayi na cinye gonaki a Yusufari ya san tambayar da Dune ke yi: wa ke kwashe arzikin ƙasa, wa ake bari da ƙishirwa?