Kwashe Kaya Daga Rumbun Aro Zuwa Rumbun Aro

Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a tsakanin ɗaliban manyan digiri, har ma da wasu daga cikin malamansu. Idan asusun ajiya na intanet ya cika, ko makaranta ta ba da sanarwar za ta rufe shi, sai a ce wa mai shi ya buɗe sabo na kyauta, ya nemi manhajar da za ta kwashe masa fayilolinsa gaba ɗaya a dare guda, ya kwanta ya yi barci. Masu ba da wannan shawara suna ba da ita da kyakkyawar niyya, amma shawara ce gurguwa, kuma tana iya janyo asarar aikin shekaru: kundin bincike, hirarrakin da aka naɗo a ƙauyuka, hotunan rubuce-rubucen Ajami waɗanda masu su ba za su sake buɗe wa baƙo akwati ya ɗauka ba.

Da farko ya kamata a tambaya, me ya sa ake wannan ƙaura tun asali? Amsar tana cikin tarihin alƙawuran kamfanonin kansu. A shekarar 2014 Microsoft ya yi wa masu biyan kuɗin Office 365 alƙawarin wurin ajiya marar iyaka a OneDrive. A ƙarshen 2015 ya janye, ya kuma rage rabon masu asusun kyauta daga gigabait 15 zuwa 5. Google ya daɗe yana bai wa makarantu ajiya marar iyaka, sai ya sanar a 2021 cewa daga Yulin 2022 kowace makaranta za ta koma kan terabait 100 da kowa da kowa zai raba. Dropbox ma ya soke irin wannan tsari ga 'yan kasuwa a 2023. Daga Disambar wannan shekara kuma Google ya bai wa kansa damar goge asusun mutum idan ya yi shekara biyu ba a shiga ba. Babu wanda ya yi sata a nan. Mai gida ne ya sauya sharuɗɗan haya, kuma yana da ikon sake sauyawa gobe. To wanda ya kwashe kayansa daga wannan rumbu ya zuba a wani irinsa, ba tare da ya riƙe komai a hannunsa ba, me ya canza? An gudu ne ba a tsira ba.

Masu kare wannan hanya suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma adalci ne a faɗe ta. Ɗalibin da ke Damagaram ko Maraɗi, wanda yake sayen data da ɗan abin da ya rage na guzurinsa, kuma wuta take ɗauke masa ba sallama, ba zai iya sauke gigabait 40 a kwamfutarsa sannan ya sake ɗora su ba. Idan aka bar manyan na'urorin kamfanoni suka miƙa wa juna fayilolin kai tsaye, datarsa ta tsira, kuma ɗaukewar wuta ba ta katse aikin. Wannan gaskiya ne. Kuskuren yana wajen ɗaukar saƙon "an kammala" da ya bayyana a fuskar waya a matsayin shaidar cewa kaya sun isa.

Sau da yawa ba su isa ba, kuma dalilan sanannu ne. Google Drive yana yarda fayil biyu su zauna cikin folda ɗaya da suna iri ɗaya, alhali yawancin sauran ma'ajiyoyi ba sa yarda. Ɗalibin da yake da "Babi na uku" har guda huɗu zai iya tarar da ɗaya kacal a sabon wuri, kuma ba lallai ne ya zama na ƙarshen da ya gyara ba. OneDrive ba ya karɓar sunan fayil mai ɗauke da alamar tambaya ko ɗigo biyu, don haka irin waɗannan ko dai a sauya musu suna ko a tsallake su. Takardun da aka rubuta cikin Google Docs kuwa ba fayiloli ba ne irin na Word. Idan za su fita daga Google sai an juya su zuwa wani tsari, tarihin gyare-gyarensu kuma ba ya bin su. Kowane kwafi yana samun sabon adireshi, saboda haka mahaɗin da aka rarraba wa abokan karatu ko aka saka a cikin kundi yana nan yana nuna tsohon fayil, wanda za a goge. Sannan akwai iyakar gigabait 750 a rana da Google ya sa wa kowane asusu, wadda ba ta dami ɗalibi ɗaya ba, amma tana tsayar da ƙaurar taskar sashe guda a tsakiyar hanya.

Mafi muni shi ne batun mallaka. Abin da wani ya raba wa mutum ba nasa ba ne, ko da kullum yana ganinsa a asusunsa. Gajeriyar hanyar da Drive yake sakawa a folda manuniya ce kawai zuwa fayil ɗin mai shi. Ranar da aka goge asusun mai shi, sai ta koma tana nuna wofi. Ɗalibai da yawa suna zaton sun mallaki littattafai ɗari, alhali abin da suka tara alamu ɗari ne. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Kuma gigabait 15 na kyauta da ake gudu zuwa gare su, Drive da Gmail da Google Photos ne suke raba su. Idan aka cika su da kwafi, wasiƙu sukan daina shigowa, har da wadda mai duba kundi ya aiko.

Akwai kuma wani haɗari da ke cikin kayan aikin kansu. Manhajar rclone, wadda kyauta ce kuma amintacciya a wajen masana, tana da umarni biyu masu kama da juna. Na kwafi yana ƙara abin da babu a masauƙi, ba ya goge komai. Na daidaitawa kuwa yana mai da masauƙi daidai da tushe, wato yana goge duk abin da ke can wanda babu shi a nan. Wanda ya juya sunayen biyu bisa kuskure, ya sa sabon asusu marar komai a matsayin tushe, ya umarci na'ura da bakinsa ta share masa aikinsa. Manhajar tana da hanyar gwaji da ke nuna abin da za ta yi ba tare da ta taɓa komai ba, amma mai gaggawa ba ya bi ta kanta. Kwandon shara na Drive kwana 30 kawai yake riƙe abin da aka jefa masa.

Shafukan da ke yi wa mutum ƙaurar da dannawa biyu kuwa, kafin su fara sai an ba su izinin karanta da sauya da goge duk abin da ke cikin asusun biyu, kuma izinin yana nan daram bayan an gama sai in an shiga an soke shi. Wasu ma kalmar sirrinsu suke miƙa wa mai shagon kwamfuta ya yi musu. A nan maganar ta wuce asarar mai bincike. Dattijuwar da ta yarda aka naɗi muryarta tana ba da labarin aurenta ko rashin lafiyarta, ɗalibi ɗaya ta amince wa, ba ta san da wani kamfani a wata nahiya ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, Nijeriya ta yi tata a 2023, amma ko babu doka, amana ce.

Abin mamaki shi ne al'ummar da ta gaji kwafar littattafai da hannu ta fi kowa sanin maganin wannan. Marubutan da ba sa ɗaukar kwafi ya kammala sai an zauna an gwada shi da asali, wani yana karantawa wani yana bi da ido. Na'ura ma tana da irin wannan bita. Kowane fayil ana iya fitar masa da wani tambari na lissafi wanda yake sauyawa ko da harafi ɗaya aka taɓa, kuma rclone tana iya gwada tamburan ɓangarorin biyu. Sai dai Google da Dropbox da OneDrive kowanne da irin lissafinsa, don haka tsakanin kamfani da kamfani galibi girman fayil kawai ake iya gwadawa, sai in an yarda a sauke su. Shi ya sa ƙidaya da ido ba ta da madadi: fayil nawa ne a can, nawa ne a nan, a buɗe wasu daga cikin sautukan a saurara har ƙarshe, a karanta rahoton kurakuran da manhajar ta bari.

Malamin da ya ce wa ɗalibinsa "kwashe kawai" ya sauke rabin nauyi ne. Sauran rabin shi ne ya tambaye shi ina kwafin da ke hannunsa, a faifan ajiya na waje wanda ba ya buƙatar izinin kowa kafin a buɗe shi, ko da sai an bi dare lokacin da data take araha an sauke shi kaɗan-kaɗan cikin mako biyu. Masu harkar adana bayanai sun daɗe da ƙa'idar kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Asusun intanet shi ne wannan ɗayan, ba dukkan ukun ba. Hirarraki da hotunan da ba za a iya sake samowa ba su ne za a fara saukewa, littattafan da ke ko'ina a intanet su jira. Tsohon asusun kuma kada a taɓa komai a cikinsa har sai lissafin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya.