Wane ne "namu"? Tambayar da ƙwaƙwalwa ke yi kafin ta ji tausayi

Ƴan uwa, mun saba cewa tausayi a zuciya yake. Masu bincike kuwa sun je sun leƙa cikin ƙwaƙwalwa, kuma abin da suka gani ya shafe mu.

A 2004, a Landan, Tania Singer ta saka mata cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, mazajensu na zaune kusa. Duk lokacin da aka ɗana wa mijin lantarki a hannu, sai wasu sassan ƙwaƙwalwar matar, waɗanda ke motsi in ita ce ke jin zafi, su motsa. Ke nan in ka ce "ciwonka ciwona ne", ba baki kawai ba ne.

Amma ga inda gizo ke saƙa. A 2010, a Zurik ta Suwizalan, Grit Hein da abokan aikinta sun gwada magoya bayan ƙwallo. In ɗan ƙungiyarsu ke shan zafi, sashen tausayin ya fi motsi, sun fi yarda su raba zafin da shi. In ɗan ƙungiyar hamayya ne, motsin ya ragu, wasu ma sashen jin daɗi ne ya motsa. Riga kawai ta raba su, wallahi!

Wannan ke tayar mini da hankali. In rigar ƙwallo ta isa, ina ga muryoyin da ke yawo a WhatsApp bayan kowane rikicin manoma da makiyaya, ana cewa "su ai haka suke"? Wanda ya sa ka ɗauki maƙwabcinka bare, ya kashe maka tausayi tun kafin a zare adda.

Sai dai ƙofa ba ta rufe ba. A 2016, Hein ta nuna cewa in bare ya taimake ka sau kaɗan, ƙwaƙwalwa na soma tausaya wa har danginsa. Kakanninmu ba su da na'ura, amma sun bar mana taubasantaka: Bafillace da Babarbare, Buzu da Bazabarme, ana tsokana, ba a zub da jini. UNESCO ta sa ta cikin gadon ɗan Adam a 2014.

Ni dai roƙona ɗaya: kafin ka tura murya ko bidiyo, tambayi kanka, wa ake so in daina tausaya wa? In ka gano amsar, kada ka tura.