Camfin da Ke Ɓoye a Turancin Hauka

Akwai ƴan boko da ke ƙyamar kalmar "mahaukaci", amma bakinsu ba ya nauyi wajen cewa *lunatic*, a zatonsu Turanci ya fi ladabi kuma ya fi kusa da ilimin likita. Tarihin kalmomin da kansa ya ƙaryata wannan zato.

*Lunatic* ta fito ne daga *luna*, wato wata a Latin, domin mutanen dā sun yi imani cewa wata ne ke tayar da ciwon. Camfi ne tsagwaronsa, sai dai an sa masa kwat. *Hysteria* kuwa tushenta *hystera*, mahaifa a harshen Girka, saboda an ɗauka mahaifa tana yawo a jikin mace tana rikita ta. Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka daina lissafa ta a matsayin cuta a kundinsu. *Bedlam*, da ake faɗa idan wuri ya hargitse, gurɓataccen lafazin Bethlehem ne, sunan wani gidan ibada da aka kafa a Landan a 1247, wanda ya koma asibitin masu taɓin hankali. Har zuwa 1770 jama'a na shiga can kallon marasa lafiya don nishaɗi.

Wani zai ce asalin kalma ya daɗe da mutuwa, ma'anar yau ce abin dubawa. Da haka ne, da masu harshen ba su wahalar da kansu ba. Birtaniya ta sauya *lunatic* a dokarta ta 1930, Amurka ta goge ta daga dokokin tarayya a 2012. Najeriya kuwa ta riƙe Lunacy Act ta 1958, wadda ta gada daga dokar mulkin mallaka ta 1916, har Janairun 2023. Waccan doka ta fi damuwa da tsare mutum fiye da yi masa magani. Sunan da hukuma ta kira mutum da shi yana tasiri a kan inda za ta kai shi, asibiti ko kurkuku.

Saboda haka lauya ko ɗan jarida da ya gudu daga Hausa zuwa *lunatic* bai tsira daga cin mutunci ba, tsohon camfin Turai kawai ya aro. Hausa tana da "larurar ƙwaƙwalwa", wadda ta ambaci ciwon ta bar wa mai shi mutuncinsa.