Luis Buñuel da yaran da aka manta da su

Yau maganar wani mai shirya fim za mu yi, ɗan Sifaniya, Luis Buñuel. Mun san wani zai ce ina ruwanmu da Baturen da ya mutu tun 1983. Ku dai biyo mu.

An haife shi a 1900 a Calanda, wani ƙaramin gari, gidan masu hali. A 1929, a Paris, shi da abokinsa mai zane Salvador Dalí suka fito da gajeren fim, Un chien andalou, da kuɗin mahaifiyarsa. Sharaɗin da suka sa ma kansu shi ne duk hoton da hankali zai iya fassarawa a watsar da shi, a riƙe abin da mafarki ya kawo. Salon da Faransawa ke ce ma surréalisme ke nan. Fim ɗin ya soma da mutum yana wasa aska, ya tsaga idon wata mace. Idon maraƙi ne aka yanka, amma har gobe mai kallo sai ya rufe fuska. Na biyu, L'Âge d'or, a 1930, masu ra'ayin riƙau suka far ma gidan sinima, suka watsa ma allo tawada, ƴan sanda suka hana shi. Ya yi wajen shekara 50 a kulle.

Yaƙin basasar Sifaniya da mulkin Franco suka raba shi da gida. Ya zauna Amurka, daga 1946 ya koma Meksiko. Can ne, a 1950, ya yi fim ɗin da ya sa muka ɗauko zancensa, Los olvidados, wato waɗanda aka manta da su.

Labarin yaran titi ne a unguwannin talakawa na birnin Meksiko. Kafin ya ɗauka, ya yi watanni yana yawo cikin unguwannin da tsofaffin kaya a jikinsa. Akwai Jaibo, wanda ya gudo daga gidan horon yara, akwai Pedro, ƙaramin yaro da uwarsa ta juya ma baya. Suna dukan makaho, suna ture gurgu daga kekensa. Shi ma makahon ba waliyyi ba ne, mugu ne na gaske. Nan ne Buñuel ya ɓata ma kowa rai. Masu mulki ba su son a nuna talauci, masu tausayi kuma sun fi son a nuna musu talaka mai haƙuri da murmushi, wanda ba shi sadaka ke sanyaya zuciya. Shi ko ya nuna yadda yunwa da rashin uwa ke lalata hali.

Wurin da ya fi tsaya mana a rai mafarki ne. Pedro yana barci, ya ga uwarsa tana tahowa a hankali kamar ba ta taka ƙasa, ta miƙo masa ɗanyen nama, sai hannun Jaibo ya fito daga ƙarƙashin gado ya fizge. Wallahi babu rahoton wata ƙungiya da zai faɗi abin da yaron nan ke nema kamar yadda wannan mafarkin ya faɗa. Masu cewa wannan salo wasan ƴan boko ne, su kalli nan tukuna.

A Meksiko an ce ya ci mutuncin ƙasar da ta ba shi mafaka, har da masu neman a kore shi. Kwana kaɗan aka janye fim ɗin daga sinima. A 1951 ya samu kyautar gwanin darakta a bikin Cannes, marubuci Octavio Paz ya tsaya masa, sai ga fim ya dawo gida ana tafi. A 2003 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya da ake adanawa. Hoton bai sake ba, hatimin Turai ne ya sa aka daina jin kunyarsa, kuma wannan halin mun san shi sarai. Lokacin da Aïcha Macky ta fito da fim ɗinta Zinder a 2021, kan samarin Kara-Kara da ƴan fale, tambayar da ta dace mu yi ita ce ko abin da ta nuna yana nan. Yana nan. Kamara ba ita ta haifi yaran ba.

Ba mu ce a ɗauki Buñuel malami a kome ba. Mutum ne da bai yarda da addini ba, ya sha yi ma coci ba'a, har Viridiana da ya ci babbar kyautar Cannes a 1961 aka hana shi a Sifaniya sai 1977. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa.

Don tsoron hukuma, an ɗauki wani ƙarshe na daban mai daɗi ga Los olvidados, inda Pedro ya tsira ya koma makaranta. Ba a nuna shi ba, sai bayan shekaru da yawa aka tono shi cikin ma'ajiyar finafinai. Wanda duniya ta gani shi ne Jaibo ya kashe Pedro, aka ɗora gawar bisa jaki cikin dare, aka jefar da ita a juji. Uwar ta gitta kusa da jakin tana nemansa, har ta gaida masu jansa.