Ledar kyauta, makiyayi ke biyan kuɗinta

Duk mahaucin da ke fiɗa a mayankar Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san abin da ake zarowa daga tumbin akuya da saniya: dunƙulen baƙar leda, ta cakuɗe da igiya da tsumma har ta yi tauri.

Da rani, idan ciyawa ta ƙare, bisashe sukan bi juji suna cin ledar da ke ƙanshin abinci ko gishiri. Tumbi ba ya narkar da ita. Tana taruwa ta cike wurin abinci, dabba ta rage ci, ta rame, nono ya ja baya. Makiyayi ya yi ta sayen maganin tsutsa a banza, alhali sai likitan dabbobi ya yi aiki kafin a fitar da ita.

Masana'antu sun saba mana da abin da ake amfani da shi sau ɗaya a yar. Mai shago yana ba da leda kyauta, asarar kuwa a garke take faɗawa. Tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana irin wannan leda, amma kasuwanninmu cike suke da ita.

Kada mu jira hukuma kaɗai. Kwandon kaba da ƙwarya ba su taɓa kashe tunkiya ba, mu koma gare su ran kasuwa. Ƙungiyoyinmu su sa ranar tsince leda a bakin rijiyoyi da kasuwannin dabbobi. Mu kuma ajiye wa bisashe gishirin lasa da harawa, don dabbar da ta ƙoshi ba ta cika bin juji ba.